Alif Guda Ɗaya

Shekarun baya, baya ƙwarai, a shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, na taɓa rubuta wani sharhi da ya kusa hana wata baiwar Allah karatu. Kun sha tambayata yadda ake rubuta sharhi a kan baje kolin zane-zane, ni kuwa kullum sai in kauce. Yau dai bari in ba ku labarin yadda aka koya mini, a kan tabarma, cikin zauren wani malami a Ƙofar Dundaye.

Lokacin ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina koyarwa a wata makarantar elemantare a nan Sakkwato. Dukiyata a duniya biyu ce. Ta farko kwali ne cike da ƙananan littattafan nan da ake bazawa a bakin kasuwa, masu labarin ɗan sarki da ya ga yarinya a bakin rijiya ya faɗi sumamme. Na karanta su har na haddace. A cikinsu ba a cewa mace ta yi kyau a yi shiru, sai an jawo wata da taurari da furannin da ni ban taɓa gani ba. Wannan ya sa abokai suka mai da ni marubucin wasiƙunsu na zance. Mutum uku suka yi aure da alƙalamina, ni kuwa ko gaisuwar kirki ban iya yi wa mace ba sai na yi in'ina.

Dukiya ta biyu farin kambas ne, takalmin da nake ji da shi kamar me. Kullum sai na goge shi da alli. Da igiyar na ƙafar hagu ta tsinke, mahaifiyata ta karɓo mini siririyar jar fata wajen badukun da ke maƙwabtaka da mu, ta zura mini. Haka na riƙa yawo, ƙafa ɗaya farar igiya, ɗaya ja, ina ganin kaina wani ne.

Ina da aboki tun na ƙuruciya, shi kuma yana da ƙanwa. Mahaifinsu malami ne marubuci, yana kwafar littattafai da hannu yana yi musu zayyana, masu zuwa ziyara Hubbare su saya su tafi da su garuruwansu. Ita ta tashi tana dama masa tawada, tana kallon yadda yake jan layi, har hannunta ya faɗa. Ta yi makarantar 'yan mata, aka riƙe ta tana koyar da ƙanana. Wata baturiya da ke shugabantar makarantar ta ga hannun nata, ta ce lallai a tura ta Zariya ta koyi aikin malamar zane. Abin da ya rage kawai mahaifin ya sa hannu a takarda kafin ƙarshen wata. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sharaɗinsa tun farko dai shi ne kada ta zana mai rai, ta kuwa kiyaye. Ya ce a bari a gama bikin 'yancin kai, ya ga yadda gari zai ɗauki abin.

Ni kuma na daɗe ina sonta a ɓoye. Na sha zuwa gidansu da sunan neman abokina alhali na san ba ya nan, don dai in ji muryarta daga ciki tana cewa ya fita.

Cikin shagulgulan makon nan aka shirya baje koli a babban zauren wata makaranta. Aka kawo aikin dukawa, da ƙwaryar da aka sassaƙa wa ado, da rigunan da suka sha ɗinki, da zanen 'yan makaranta. Akwai wata 'yar jaridar lardi mai shafi huɗu da ake bugawa a lokacin. Editanta, wani Bakano mai fara'a, ya ji labarin zaƙin alƙalamina, ya aiko a ce in je in gani in rubuta musu sharhi. Daren ban ci tuwo ba don murna.

Na je da azahar, na ratsa ta gaban kayan fata da ƙorai kamar mai sauri zuwa jana'iza, na nufi inda aka rataye nata aikin. Baturiyar ta sa an yi masa katako an rufe shi da gilashi, shi kaɗai a duk zauren. A nan ƙaddarar take. Ina tsayawa gabansa sai na ga ashe gilashin yana nuno abin da ke bayana. Abin da ke bayana kuwa ita ce, a ɗaya ɓangaren, tana gyara wa ɗalibanta jerin faifai. Ga ni na juya wa duniya baya, kowa ya gan ni zai ce ga mai nazari, ni kuwa ina kallonta son raina. Ta sunkuya, ta miƙe, ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Tana ɗaure da saƙi mai duhun shuni, da siririn farin layi bibbiyu, bakinsa na ƙasa ya ɗan koɗe. Ban motsa ba sai da aka kira la'asar.

Na koma gida na zauna na zuba. Dukawa na ba su layi biyu, masu ƙwarya layi ɗaya. Sauran shafin kuwa, har yau ina iya karanto shi da ka, don kunya ba ta barin mutum ya manta:

"Amma abin da ya fi ɗauke hankali shi ne zanen wata 'yar malamai daga Ƙofar Dundaye. Na tsaya ina kallon zanenta har la'asar ta yi ban sani ba. Zanenta yana da laushi kamar iskar asuba, yana da ƙamshi kamar lambu bayan ruwa. Da ba don idon jama'a ba da na kai hannu na shafa shi. Duk wanda ya wayi gari da zanen nan a ɗakinsa, ya gama samun duniya."

Ku Hausawa ne, na san kun riga kun hango ramin. Ni wallahi ban hango ba. A bakina zane na alƙalami da zane na ɗaurawa ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya ana jan sa, ɗaya ana tsinke shi. Ban taɓa lura cewa a rubutun boko kamarsu ɗaya ba.

Jaridar ta fito ranar Alhamis. Ranar Juma'a da hantsi ina alwala sai ga abokina ya faɗo gidanmu ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kai mutumina, ka kashe mu! Ka san abin da kay yi?"

Na ce me ya faru. Ya ce telan bakin ƙofarsu, wanda bai daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, shi ke karanta wa majalisa jarida. Ya ɗauka yana bi da yatsa, gaɓa gaɓa, har ya iso kalmar. Ya tsaya, ya duba hagu ya duba dama, ya ce za-nen-ta. Na ɗaurawa. Da ya kai inda na ce in shafa, wani tsoho ya yi salati ya tashi ya kakkaɓe riga. Da ya kai zancen wayar gari da shi a ɗaki, samari suka kwanta a ƙasa don dariya.

"Yanzu duk unguwa ba a da zance sai wanga," in ji abokina. "Mata na zuwa ɗibar wuta gidanmu don su gan ta. Baffanninmu sun zaka tun da sahe, sun ce ga irin abin da boko ka jawowa, tun ba ta tahi ko'ina ba an sa zanenta a jarida. Malam ya aika an ɗauko aikin daga makaranta. Takardar Zariya ko, ya ninke ta ya sa ƙarƙashin buzu."

Mahaifiyata tana jin mu daga bakin murhu. Ta taso da muciya a hannu.

"Mi kar rubuta cikin takardag ga?"

"Inna, yabo ne fa. Aikinta na yaba."

"Yabo? Ɗiyar mutane kas sa bakin duniya ka ce yabo? Da kana sonta ba sai ka hwaɗa min ba, in aika kawunka? Sai ka aika jarida?"

Ban san ta sani ba. Ashe ni kaɗai ke ganin sirri nake yi.

Na ruga wajen edita. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya dafe kai. Ya ce, "Malam, ai mu a Kano zani muke cewa. Da zaninta ka rubuta da ni da kaina na tsayar da kai. Ni da na ga zanenta, hoto kawai ya zo mini. Ashe ku nan duka zane ne!" Ya so ya yi dariya, ya ga fuskata ya haɗiye. Ya ce in na kawo gyara zai buga a fitowa ta gaba. To amma me zan gyara? In ce ba zanenta nake nufi ba, zanenta nake nufi?

Ranar Asabar mahaifinta ya aiko kirana. Na cire kambas ɗina a bakin zaure, na shiga na durƙusa. Yana zaune bisa buzu yana fiƙe alƙalami, abokina na gefe ya sunkuyar da kai. Na yi tsammanin faɗa. Sai kawai ya jawo guntuwar takarda, ya tsoma alƙalami, ya rubuta kalma biyu da ajami ya turo mini.

"Karanta wanga."

Na ce, "Zane." Na ɗaurawa.

"Wanga fa?"

Na ja shi, na ce na alƙalami.

"Mi yar raba su?"

"Alif, Allah shi gafarta Malam."

"Alif guda. Tsaye shike kamar sanda, ba shi da ciki ba shi da ɗigo, amma ka ga mutuncin gida shike tsaro. Shi ne bokonku yay yar a hanya." Ya ajiye alƙalamin. "Amma ban kira ka don in ga laihin boko ba. Ɗana ya ce min aikin takarda kaka nuhi, ni kuma na yarda, don na san gidanku. Tunda ka tsaya gabanai tun azahar har la'asar, ai ka san shi sarai. To hwaɗa min, mi ke cikinai? In ka hwaɗa, ni da kaina za ni hita in gaya ma mutane ƙarya suka yi."

Jama'a, na buɗe baki. Na rufe ido na nemo katakon nan da gilashinsa. Babu abin da ya zo mini sai saƙi mai duhun shuni da farin layi bibbiyu.

"Akwai... furanni," na ce.

"Huranni."

"Da wata."

"Wata kuma." Ya jinjina kai a hankali. "Sai mi?"

"Da... kamar gulbi daga nesa."

Abokina ya rufe fuska da hula. Malam ya daɗe yana dubana, ba da fushi ba, da wani abu mai kama da tausayi, wanda ya fi fushin ciwo.

"To ɗana, ashe tela bai yi kuskuren karatu ba. Daidai yak karanta."

Ya tashi ya shiga gida don sabunta alwala. Ina nan durƙushe kamar an dasa ni, sai na ji motsi bayan asabarin ƙofar ciki. Ban ga fuskarta ba, inuwa kawai. Ba da ni ta yi magana ba, da yayanta ta yi, amma kowace kalma tawa ce.

"Yaya, ka gaya ma abokinka zancen mutane bai dame ni ba, gobe wani za su samu. Wata ukku niy yi ina aikin nan. Da gawayi da tawadar Baba niy yi shi, bisa takarda mai kaushi, har yatsuna sunka tsage. Ya ce mai laushi. Ina laushin? Kuma ka tambaye shi ina yag ga wata. Da rana tsaka ne. Duk garin ga shi ɗai niz zaci zai gani."

Inuwar ta ɓace. Na karanta labaran soyayya sun fi ɗari, babu inda aka gaya mini akwai magana mai zafin wannan.

Da Malam ya dawo na faɗi gabansa na ce laifin nawa ne, kada a hukunta ta da shi. Na roƙi a ba ni dama in ga aikin. Sai ya ce, "Mu in mun kwahi littahi ba mu sallama shi sai mun aza shi kusa ga uwatai, wadda munka kwaho shi daga gare ta, mun bi baƙi da baƙi, wasali da wasali. Wanda bai duba uwa ba, daga kainai shika rubutu, mu maƙaryaci muka ce mai, ko da hannunai ya kai zuma daɗi. Ka zaka bayan la'asar, kwana ukku. Ka duba, ka rubuta, ka karanta min. In ya yi daidai da uwa, sai mu ga abin da Allah zai yi da takardar Zariya."

Washegari na tarar an jingine aikin a bangon zaure. An cire gilashin. Na zauna na duba, karo na farko.

Takalma ne. Babu fure, babu gulbi. Bakin ƙofar da masu ziyara ke tuɓe takalma kafin su shiga Hubbare ta zana, da rana tsaka, inuwa gajera a ƙarƙashin kowane. Ba mutum ko ɗaya, sai takalman da suka bari.

Ranar farko tsohon halina ya motsa. Na rubuta cewa takalman sun jeru kamar jiragen ruwa a bakin teku, kamar tsuntsaye masu jiran asuba. Malam ya saurara, ya ce, "Ka taɓa ganin teku?" Na ce a'a. Ya ce, "To wannan kamar ɗin taka, gobe ka tuɓe ta a waje tare da takalminka. Abin da ke nan nika son ji."

Rana ta biyu na shiga ba kamar. Na zauna shiru ya fi sa'a guda, alƙalami a ƙasa. A hankali takalman suka fara magana. Ga na manomi wanda aka yanka daga tsohuwar taya, har da busasshen taɓon fadama a gefensa. Ga na attajiri mai ado, an ware shi can gefe don kada a taka. Ga wani da dunduniyar dama ta cinye ta hagu tana nan lafiya, ka san mai shi yana ɗingishi kuma daga nesa ya taho. Ga na mace, ɗaya ya hau kan ɗaya, mai shi ta shiga da sauri, wataƙila da wata buƙata a ranta da ba ta iya jira. An hana ta zana mai rai, sai ta zana garin duka ba ta saɓa wa mahaifinta ba. Na ji kunyar dukawan da na ba layi biyu, don na tabbata su ma haka aikinsu yake da magana, ni ne ban tsaya ba.

Ina bin jerin daga hagu zuwa dama har na iso kusurwar ƙasa. Duk aikin baƙi ne da toka-toka da ɗan shuni. A kusurwar nan kaɗai akwai ja, ɗan siriri, bai kai tsawon tsinke ba. Na matsa kusa. Farin kambas ne. Igiyar na hagu jar fata.

Wata uku tana aikin nan. Wato tun ina zuwa neman yayanta na ƙarya, ina tsaye a ƙofa ina in'ina, ita tana bayan asabari ta ƙare wa ƙafafuna kallo har ta haddace su. Ta sa ni a tsakiyar gari, ta rataye a bango, ta ba ni ja guda ɗaya da ke cikin aikin don kada in ɓata hanya. Na zo na tsaya tun azahar har la'asar, hancina kusan yana taɓa shi, ban gani ba.

Malam bai ɗago daga rubutunsa ba. Ya ce, "Takalmin ga naka na waje, ka bar shi shi huta kwana biyu. Gobe ka zaka da hwaɗe irin na kowa." Ashe shi tun ranar da aka dawo da aikin ya gani. Idon mai zayyana ne.

Rana ta uku na karanta masa sharhin. Na fara da inda aka yi baje kolin da abin da aka kawo. Kafin in zo na bi dukawa biyu har rumfarsu na tambaye su sunan ɗinkin da suka yi da yadda ake yinsa, na ba su haƙƙinsu. Da na iso aikinta na faɗi girmansa, da abin da aka yi shi da shi, da abin da ke ciki, takalmi bayan takalmi. Na faɗi abin da na fahimta, na nuna inda na gan shi. Har aibi na faɗa, na ce shunin da ta yi inuwar bango da shi ya yi nauyi a gefen hagu, ya danne takalma biyu. A kan kusurwar dama kuwa layi ɗaya na rubuta, na ce akwai ɗigon ja guda a duk aikin, mai kallo ya nemo shi da kansa.

Malam ya sa na maimaita yana duban aikin, yana bi da yatsa kamar yadda yake bin littafi. Da na gama ya ce, "Ya yi daidai da uwa." Ya sa na sake kwafe shi da ajami. Duk inda kalmar ta fito sai in ja alif ɗin nan dogo har ya kusa taɓa layin sama. Washegari bayan la'asar ya fita da kansa, abokina na riƙe da aikin, ya zauna a majalisar tela ya karanta, mutane na duba takalma suna neman nasu. Wani ya rantse na ɗingishin nan na ƙanen kakansa ne. Tela ya ce shi dama tun farko ya yi shakka. Edita ya buga na bokon a fitowa ta gaba. Kafin Juma'a ta zagayo Malam ya zaro takardar daga ƙarƙashin buzu ya sa hannu.

Na yi murna, wallahi na yi. Sai da na koma gida na zauna sannan na gane abin da na yi da hannuna. Sharhin banza ya kusa tsare mini ita a gari. Sharhin kirki ya ɗauke ta.

Ranar tafiya na je tashar mota da sassafe, na tsaya nesa gindin wata bishiyar bedi. Babbar mota ce za ta kai su Gusau, daga can su hau jirgin ƙasa. Na sa kambas ɗina. Ta zo da gwaggonta, ta hau, ta zauna. Ba ta dubi fuskata ba ko sau ɗaya. Sai da mota ta tashi ta sauke ido ta dubi ƙafafuna, ta ja mayafi ta rufe baki, irin yadda na gani a gilashi. Shi ke nan. Da ƙura ta lafa abokina ya zo ya danƙa mini 'yar takarda a ninke, ya ce, "An ce in ba ka. An ce kuma zancen shuni gaskiya ne."

Na buɗe. Babu gaisuwa, babu suna. Alif ne guda ɗaya.

Mahaifiyata ta ce a aika kawuna, Malam ya ce sai ta gama karatu. Ni kuma maimakon in riƙa tuntuɓa, sai na koma gidan jiya, ina rubuta mata wasiƙu masu shafi goma ina adanawa a kwali, ina jiran ranar da za ta dawo in karanta mata. Kafin ta gama Allah ya yi wa Malam rasuwa. Aka tura ta koyarwa wani gari, aka yi wa abokina canjin wurin aiki. Wata rana labari ya zo ta yi aure can, da wani malamin makaranta, mutumin kirki in ji kowa. Ban ga laifinta ba. Ta yi magana sau biyu, da ja da alif. Ni ne ban amsa da abin da ake ji ba. Na yi aurena ni ma, Allah ya yi mini albarka da iyali, ba ni da abin cewa sai godiya. Amma ban sake ganinta ba, aikin nan ma ban san hannun da ya faɗa ba.

Tun daga nan na rubuta sharhi ba adadi, kuma duk abin da na sani a zauren nan na samo shi. In ka shiga wurin baje koli, ka bar alƙalami a aljihu tukuna, ka tsaya har abin ya gaji da yi maka shiru. Ka faɗi abin da ke nan kafin ka faɗi abin da ke ranka, yadda wanda bai je ba zai iya ganinsa da kunne. In ba ka san sunan abu ba ka tambayi mai shi. In ka ga aibi ka faɗa da ladabi, mai aiki ya fi son wannan da yabon wanda bai duba ba. In ka gama ka koma ka aza rubutunka kusa da aikin, ka bi su tare. Ka kuma ba wani ya karanta maka da ƙarfi, in son samu ne tela. In kuwa an rufe aikin da gilashi, ka tabbata abin da ke ciki kake kallo.

Takardar nan mai alif tana nan cikin aljihun gafakata, ta yi ja don tsufa. Wani lokaci bayan la'asar, in gida ya yi shiru, nakan fito da ita. Da Malam zai dawo yau ya ce in faɗa masa abin da ke ciki, ba zan yi in'ina ba. Tawadar baƙa ce mai ɗan ƙyalli, irin tasa. Alƙalamin sabon fiƙa ne. Ya fara da kauri a sama, inda ta ɗan dakata kafin ta ja. Ya sauko a miƙe, ya sirance a tsakiya, can ƙasa ya ɗan karkata hagu, alamar mai shi ta ɗaga hannu da sauri, wataƙila an kira ta ne mota za ta tashi. Babu wata a ciki, babu fure. Shekara sittin da wani abu ke nan ina dubansa, har yanzu ban gama ba.